Tafinta a gefen dandamali: ya wadatar da yaro kurma a wasan kwaikwayo?

Idan aka shirya wa yara wasan kwaikwayo, aka ɗauko mai maganar hannu aka tsayar da shi a gefen dandamali yana fassara, shi ke nan an sallami yaran da ba sa ji? Yawancinmu za mu ce e, har mu sa wa masu shirin albarka. Mun saba ganin tafintan nan a ƙuryar allon talabijin lokacin labarai, mun saba ganinsa a bayan manya wajen taro, sai muka ɗauka duk inda ya tsaya buƙatar kurame ta biya. Maganar takan taso a ƙarshen Satumba, domin tun daga 2018 ake bikin ranar harsunan hannu ta duniya a 23 ga watan, kamar yadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsayar.

Kuramen da suka daɗe suna sana'ar wasan daɓe a Amurka da Ingila da Faransa ba haka suke gani ba. A wurinsu tafintan gefe ya fi babu, amma shi ne mafi rauni cikin hanyoyin da ake da su, balle in 'yan kallon yara ne. Dalilin ba wuyar ganewa gare shi ba: mai ji yana shiga zauren da ido da kunne, kurma kuwa da ido kaɗai ya shigo, kuma ido ba ya kallon wuri biyu a lokaci guda.

Maganar hannu harshe ce, kuma ba iri ɗaya ba ce

Da yawa sun ɗauka maganar hannu nune-nune ce, irin wanda kake yi wa mai shago a ƙasar da ba ka jin yarensu. Cikakken harshe ce mai nahawun kanta. Siffar hannu, da inda aka ajiye shi, da yadda ya motsa, kowanne yana sauya ma'ana. Fuska kuma tana yin aikin da hawa da saukar murya suke yi a baki: a maganar hannun Amurka da ta Birtaniya, ɗaga gira ke mayar da zance tambayar da ake amsawa da e ko a'a. William Stokoe, malami a Gallaudet, jami'ar kurame da ke birnin Washington, shi ya fito da wannan tsari a rubuce a 1960, lokacin da hatta masu koyar da kurame suke yi wa abin kallon kwaikwayon magana.

Kafin nan an riga an yi wa harshen illa. A 1880 masu koyar da kurame suka taru a birnin Milan na Italiya, kusan dukkansu masu ji, suka yanke cewa a bar koyarwa da hannu, a dage wa yara su yi magana da baki su karanta leɓe. Kusan shekara ɗari aka yi a kan wannan a makarantu da dama na Turai, har ana hukunta yaron da aka kama yana magana da hannu. Sai a 2010, a zamansa na Vancouver a Kanada, wannan taro ya fito fili ya yi watsi da hukuncin Milan. Wanda ya san wannan tarihi ba zai yi mamakin yadda kurame suke sa ido a kan wanda zai hau dandamali da harshensu ba.

Sannan ba ɗaya ba ce a duniya. Ƙungiyar Kurame ta Duniya ta ƙiyasta kurame sun haura miliyan 70, kuma harsunan hannu sun wuce 300. Bature ɗan Landan da Ba'amurke ɗan New York suna hira da Ingilishi ba tafinta, amma kuramensu ba sa gane juna, ko baƙaƙen ABCD ma ɗaya da hannu biyu yake yi, ɗaya da hannu guda. Ta Amurka ta fi kusa da ta Faransa, saboda wani malami kurma Bafaranshe, Laurent Clerc, yana cikin waɗanda suka buɗe makarantar kurame ta Hartford a 1817. Don haka tambayar farko ga mai shirya wasa ita ce: wace maganar hannu yaran nan suke yi? Kuma wa zai tabbatar tafintan ya iya ta? Duniya ta ga abin kunya a Disambar 2013, wajen taron juyayin Nelson Mandela, inda wani mutum ya tsaya kusa da shugabannin ƙasashe yana wurga hannuwa ba ma'ana. Kurame ne suka tona shi, masu ji ba su ga komai ba.

To ya karanta leɓe mana, ko a rubuta masa

Je gaban madubi ka ce "bari", ka ce "ɓari", ka ce "mari", ba tare da ka fitar da murya ba. Leɓenka abu ɗaya ya yi sau uku. Haka "kare" da "ƙare" da "gare", duk a can cikin baki ake yin su, ido ba ya kai wa. Ga karin sauti, wanda shi ke raba farin launi da farin rashin ruwan sama, ba ya fitowa a leɓe ko kaɗan. A Ingilishi ma abin da ake iya gani a leɓe bai kai rabin sautukan ba. Wannan fa ga wanda yake gabanka ke nan cikin haske. Ina ga ɗan wasan da yake can nesa, yana gudu, yana juya baya, an manna masa gemun auduga?

Rubutu ya fi wannan amfani. A Birtaniya akwai wata ƙungiya, Stagetext, da aka kafa a 2000, aikinta haska maganar 'yan wasa a wani allo daidai lokacin da suke faɗa. Ga dattijon da ji ya ragu, ko wanda ya kurumce bayan ya yi karatu, wannan babbar ni'ima ce. Amma ɗan shekara biyar bai iya karatu ba, ko yana ji ko ba ya ji. Yaron da aka haifa kurma kuwa, rubutaccen Ingilishi ko Hausa harshensa na biyu ne, yana koyon rubuta sautin da bai taɓa ji ba. Alƙaluman Amurka sun nuna fiye da kashi 90 cikin ɗari na yara kurame iyayensu masu ji ne, wato a gidan da ba a iya maganar hannu ba suke tashi, da yawa sai sun shiga makaranta suke haɗuwa da cikakken harshe. Ka ga ashe wasan kwaikwayo ga irin wannan yaro ya wuce nishaɗi. Wataƙila nan ne karon farko da zai ga babban mutum yana ba da dogon labari da hannu, mai farko da tsakiya da ƙarshe.

Wuya ta gaji, dariya ta wuce

A ce ana wasan Gizo da Ƙoƙi. Gizo ya lallaɓa ya buɗe tukunya ya cika baki da nama, sai ga Ƙoƙi ta shigo. Ta ce wa ya taɓa mini miya? Shi kuma ya shiga rantse-rantse, kumatu dam, romo na bin haɓa. Yaro mai ji yana kallon kumatun, kunnensa na ɗaukar rantsuwar, abin dariyar a haɗuwar biyun yake. Yaro kurma fa? In ya kalli tafinta ya samu rantsuwa ya rasa kumatu, in ya kalli Gizo ya samu kumatu bai san me ake cewa ba. Kuma tafinta, komai ƙwarewarsa, sai ya ji magana yake juya ta, yana bayan 'yan wasa da 'yan daƙiƙoƙi. Kafin zancen ya iso wa yaron, zaure ya gama dariya an wuce gaba. Yana ganin kafaɗun 'yan'uwansa suna rawa, bai san dalili ba.

Na ga wannan da idona a bikin rufe zango na wata makaranta da ke da ajin kurame. Masu shirin sun yi ƙoƙari, sun nemo malama mai fassara, amma sai aka tsayar da ita can gefe jikin lasifika, aka jera yaran a benci na huɗu, bayan manyan baƙi da manyan riguna da huluna. Mai ɗaukar hoto kuma ya mayar da gabanta hanyarsa. Kawunan yaran suna ta kai da komo, dama, hagu, dama, kamar masu kallon wasan ƙwallon tebur. Kafin a kai rabin wasan sun haƙura, sun juya suna hirarsu da hannu a tsakaninsu. Wani baƙo kusa da ni ya ce, "Yaran nan ba su da natsuwa." Ban tanka masa ba.

Akwai kuma nauyin da ke kan tafintan. Wasa mai mutum shida, shi kaɗai zai zama dukkansu. Harshen yana da dabarar hakan: ya ɗan karkata kafaɗa, ya sauya inda yake kallo, ya sauya fuska, sai a gane yanzu kura ce ke magana, yanzu kuma akuya. Amma wannan ba ya yiwuwa ga wanda aka miƙa wa takardar wasan da safe. Sai ya karanta, ya kalli gwaji, ya san inda abin dariya yake domin ya yi shiru a wurin ya nuna wa yara dandamali. Shi ya sa a gidajen wasan da suka san aikin akan sa tafintoci biyu ko fiye su raba 'yan wasan a tsakaninsu.

Yadda aka matso da hannu cikin wasan

Duk gyaran da aka yi, abu ɗaya ake nema: a rage tazarar da ke tsakanin magana da aiki. Wasu suka hau da tafintoci kan dandamalin, ɗaya a wannan ɓangare, ɗaya a wancan, kowa yana fassara abin da ke faruwa kusa da shi. Wasu suka ƙara matsawa, suka sa wa tafinta kayan wasa, yana bin ɗan wasa kamar inuwarsa, in ya zauna ya zauna, in ya ruga ya ruga. A wasan yara wannan yana da daɗin yi, domin ana iya mayar da tafintan wani abu a cikin labarin, tsuntsun da ke bin sarki, ko ƙanin jaruma.

Hanyar da ta fi nisa ita ce a ba kurame wasan da kansu. A 1967 aka kafa National Theatre of the Deaf a jihar Connecticut ta Amurka, ƙarƙashin David Hays, tare da ɗan wasa kurma Bernard Bragg, wanda ya koyi wasan motsi ba magana a hannun gwanin Faransa, Marcel Marceau. Shekara ɗaya bayan haka, a 1968, suka buɗe reshen yara, Little Theatre of the Deaf, yana zagaya makarantu. A nan aka juya abin: kurma ne a tsakiya yana magana da hannu, mai ji ne yake ba da murya domin sauran 'yan kallo. Daga wannan gida Linda Bove ta fito, wadda ta yi kimanin shekara 30 a shirin yara na Sesame Street. Kamfanin Deaf West da aka kafa a Los Angeles a 1991 ya ɗore a kan wannan salo har ya kai wasanninsa Broadway, unguwar manyan gidajen wasa ta New York.

A Landan, kamfanin Graeae na naƙasassun 'yan wasa ya fara a 1980, kuma a 1997 wata kurma, Jenny Sealey, ta karɓi ragamarsa. Aƙidarsu ita ce tun ranar da aka fara tsara wasa ake saka maganar hannu da rubutu a ciki, yadda ake saka fitila da tufafi, a maimakon a liƙa su daga baya. Paula Garfield da abokan aikinta suka kafa Deafinitely Theatre a 2002, kamfanin da kurame ke jagoranta, mai wasannin yara da sashen horar da matasa. Rose Ayling-Ellis ta bi ta wannan sashe. Ita ce ta lashe gasar rawa ta BBC a 2021, sannan a 2022 ta zama ta farko da ta ba da labarin kwanciya barci da maganar hannun Birtaniya a tashar yara ta CBeebies. Yaron da ya ga irinsa a tsakiyar dandamali ya ga abin da tafinta dubu ba za su nuna masa ba.

Waƙa, 'yar tsana da duhu

Wasan yara yana da nasa tarkon da na manya ba shi da su. Rabinsa waƙa ne. Fassara kalmomin waƙa ɗaya bayan ɗaya kuwa kashe ta ne, domin daɗinta a amsa-amo da kari yake. Kurame suna da nasu amsa-amon: a maimaita siffar hannu guda a kalmomi daban-daban, a sa motsin ya riƙa faɗuwa a kan bugu. Kiɗan kuma jiki yana ɗaukarsa. Babbar ganga tana bugawa a ƙirji, daɓen katako yana kai ta tafin ƙafa, wasu wuraren har balan-balan ake ba yara su rungume domin su ji rawar sautin a hannu.

'Yar tsana ba ta da yatsun magana, fuskarta kuma ba ta motsi. Abin rufe fuska yana haɗiye rabin nahawu. Ɗan wasan da aka sa wa safar hannu ta zaki, ko aka ɗora masa ƙwarya a hannu biyu, an rufe masa baki ke nan. Murya daga bayan labule, ƙwanƙwasa ƙofa, kukan kura daga nesa, duk sai an nemo musu abin gani, ko fitila ta gilma, ko 'yan wasa su zabura su kalli wuri guda. Kashe fitilu don ban tsoro kuwa, ga kurma tamkar a toshe wa mai ji kunne ne a rufe masa ido. Waɗannan ƙananan abubuwa mai ji ba ya lura da su komai kyakkyawar niyyarsa, shi ya sa kamfanonin da suka ƙware suke ɗaukar kurma mai ba da shawara ya zauna a wajen gwaji tun farko.

Inda ake ja-in-ja

Masu gidajen wasa kuɗi suke kuka da shi, kuma ba ƙarya suke yi ba: tafinta biyu da kwanakin gwaji da mai kula da fitila duk biya ne. Abin da suka saba yi shi ne su ware rana ɗaya ko biyu cikin makonnin wasan su ce ita ce ranar fassara. Iyaye kuma su ce, in yaro ba shi da lafiya ranar fa, ko ta faɗo lokacin makaranta? Ɗan maƙwabci mai ji yana da zaɓin kowace rana. Wasu daraktoci suna ƙorafin tafinta yana janye hankalin 'yan kallo. Ni dai ban ga ƙarfin wannan hujja ba, yara masu ji sukan fi kowa son abin, su fita suna gwada alamar kura da ta zomo.

Gardamar da ta fi zafi a cikin gida take. 'Yan wasa kurame suna cewa kuɗin da ake warewa da sunansu yana ƙarewa a aljihun masu ji, su kuma ba a ɗaukarsu aiki. Suna kuma ƙin dabarar koya wa ɗan wasa mai ji 'yan alamomi ya riƙa yi yana magana, domin jerin kalmomin harsunan biyu ba ɗaya ba ne, in aka haɗa su a jiki ɗaya bakin ne ke rinjaye, hannun ya koma tsinci-tsinci. A ɗaya gefen akwai iyayen da aka dasa wa 'ya'yansu na'urar ji a kunne, suna son a fi mayar da hankali ga tsabtar sauti da rubutu. Kurame ba jinsi ɗaya ba ne, abin da ya yi wa wannan ba lallai ya yi wa wancan ba.

Doka dai tana bayan yaron. Sashe na 30 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu ta 2006 ya ambaci wasan kwaikwayo da sunansa, ya kuma ambaci harsunan hannu da al'adar kurame. Amurka tana da dokarta tun 1990, Birtaniya tana da dokar daidaito ta 2010, ta ƙara da dokar maganar hannu a 2022. Afirka ta Kudu ta mayar da tata harshen hukuma na 12 a 2023. Najeriya ta amince da yarjejeniyar a 2010, aka sa hannu kan dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci a Janairun 2019.

A ƙasar Hausa, da wane hannun za a yi?

Mu abin ya shafe mu ta wata fuska. Muna zaune a yankin da sanƙarau yake yawan ɓarkewa, annobar 1996 kaɗai ta kashe fiye da mutum dubu 11 a Najeriya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan ɗaya cikin biyar na waɗanda suka tsira daga mai tsananinsa sukan tashi da wata illa, kurumta na ciki. Ga ƙyanda. Yawancin unguwanni ba a rasa yaron da ya fara magana, ciwo ya ɗauke masa ji. Muna kiransu bebaye, alhali da yawansu maƙogwaronsu lafiya lau yake, kunnen ne ya tafi.

Kuma harshe biyu ne a ƙasa. Akwai maganar hannu ta gargajiya da kuramen Kano da kewaye suke yi tun kaka da kakanni a kasuwa da majalisa, wadda wata masaniya Bajamushiya, Constanze Schmaling, ta yi nazarinta ta wallafa littafi a 2000. Akwai kuma ta makaranta, mai tushe daga ta Amurka, wadda Andrew Foster, wani Ba'amurke baƙar fata kurma, ya kawo lokacin da ya buɗe makaranta a Accra a 1957 da Ibadan a 1960, kafin ya kai makarantu fiye da 30 a ƙasashen Afirka, har da Kamaru da Chadi. Ɗalibin makarantar kurame ta Tudun Maliki a Kano da yaron da bai taɓa shiga aji ba, ba lallai tafinta ɗaya ya gamsar da su ba. Wanda zai warware wannan shi ne babban kurma da ya iya duka biyun, kuma in an kira shi a biya shi kamar yadda ake biyan mai kiɗa da mai lasifika.

Abin ban sha'awa, wasanninmu na yara ba su yi nisa da abin da ake nema ba. Dubi tashe cikin watan azumi: yaro ya ɗaura gemun auduga, ya duƙa a kan sanda, yana rawar jiki, kowa ya gane tsoho ne ba sai an faɗa ba. Matsalar ita ce da daddare ake yi. Tatsuniya ma haka, bayan isha'i, a tsakar gida, ana buɗe ta da "ga ta nan, ga ta nanku", yara su amsa "ta zo mu ji ta". Yaro kurma yana zaune a tabarmar tare da su, bai samu komai ba. Malamin firamare da ke shirya wasan rufe zango ba ya buƙatar kuɗin Landan: ya yi da rana ko cikin haske, ya kawo kurame layin gaba ko da manyan baƙi za su matsa, ya tsayar da mai fassara kusa da 'yan wasa da riga marar zane, ya hana kowa gilmawa, ya ba yaro kurma rawar da zai taka wadda ba ta maroƙi ba ce kuma ba ta abin dariya ba. A maimakon ƙararrawa, a kunna fitila a kashe ko a ɗaga tuta don a san an fara.

Sai kuma a gaya wa 'yan wasan tun kafin su hau cewa kurame da yawa, musamman waɗanda suka bi ta makaranta, ba sa tafi da tafin hannu. Hannuwa suke ɗagawa sama suna karkaɗa su. In ba a gaya musu ba, za su gama wasa su ji layin gaba tsit, su sauko suna zaton ba a ji daɗi ba.